Gawon da Ya Ƙi Tsirowa

A bakin burtali, inda shanu ke bi su gangara kogi, na ga wani ɗan tsiro ya fasa busasshen kashin saniya ya fito. Na duƙa na duba, ashe gawo ne. Da na ɗaga ido sai na ga 'yan uwansa birjik a gefen hanyar.

Daga Nguru na zo Gashua domin Kawu Abatcha, yayan mahaifiyata, ya aiko a kira ni. Ya ce tunda ilimin gandun daji na karanta, in zo in gaya masa abin da ke damun kurminsa. Tsofaffin itatuwan gawo ne da ya gada, ga tsamiya da goruba jefi-jefi a tsakani. Bana iska ta kayar da babba a cikinsu, kuma ko ƙarami ɗaya babu mai tasowa. Burinsa ya ga na baya sun kama ƙasa kafin ya kwanta dama.

"Iri na watsa har hannuna ya gaji," in ji shi. "Dabba ko ɗaya ba ta shiga. Me kuma itace yake so?"

Shekarun baya shanun wani makiyayi, Abbo, sun ci masa waken da ya shuka a cikin kurmin. Abokin wasansa ne tun ƙuruciya, amma Kawu ya yi fushi ya kewaye wurin da waya mai ƙaya, daga nan wasa ya mutu.

Na zaga cikin shingen ni kaɗai. 'Ya'yan gawo sun zube sun taru a gindin kowace bishiya. Na fasa kaɗan, duk ƙwari sun huda ƙwayar. Wadda ta tsira kuma tauri gare ta kamar tsakuwa. Babu balbela, domin babu shanun da za ta bi, sai fara ke ta tsalle a ƙafafuna. Ko buzuzu ban gani ba. Wurin tsaf, shiru.

Na san amsar tun a ranar, amma na kwana biyu ina juya ta. Yaya zan dubi dattijo in ce masa shingensa ne? Sai na faɗa wa matarsa, Inna Yakaka, muna tsince shinkafa.

"Inna, ƙwayar gawo ba ta cika tsirowa ba sai ta bi ta cikin dabba. Cikin ne ke tausasa ɓawon, ta fito da takinta, nesa da uwar."

Ta ajiye faifai ta yi dariya har da tafi. "Wato maganin kawunki yana cikin saniyar Bafillace! Wayyo ni. Ke za ki faɗa masa, Rahima, ni ina son aurena."

Washegari da la'asar muka koma kurmin a kan babur ɗinsa. Na faɗa masa, idona a ƙasa. Na ƙara da cewa ba kullum za a buɗe ba, sai da rani lokacin da 'ya'yan ke zuba, a rufe da damina don kada a kiwace tsiron.

"A jiƙa irin a ruwan zafi mana," ya ce. "Na ji ana yi."

"Ana yi, Kawu. Amma ba zai kawo taki ba, ba zai kawo mai cin fara ba."

Muna nan tsaye sai ga Abbo ya biyo burtali da shanunsa, duk sun rame, suna miƙa wuya ta saman waya don ƙanshin 'ya'yan gawo. Ya yi sallama ya so wucewa.

"Kai, Bafillace," in ji Kawu, murya a daƙile. "Waɗannan shanu ne ko ƙirare?"

Abbo ya tsaya, ya dafa sandarsa a kafaɗa. Na ga yana auna ko wasa ne ko faɗa.

"Ubangidanka kake wa magana haka, Babarbare? Ai kai ka ɗaure abincinsu a kurkuku. Me itatuwan nan suka sata?"

"Ba su suka saci wake ba."

"Waken nan dai! Yau da mutum ne da ya yi aure." Ya ɗan yi murmushi, sannan fuskarsa ta koma yadda take. "Jibi zan yi kudu, wajen Jakusko. Nan babu abin da za su ci. Ka yafe ni, ban san ko zan dawo ba."

Kawu ya dubi shanun, ya dubi kututturen da ya faɗi. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, sai wasa nake da bakin mayafi.

Can ya taka zuwa ƙofar shingen, ya kwance igiyar da ke ɗaure da ita, ya naɗe ta a hannu. Ƙyauren kara ya karkace ya buɗe. Wata farar saniya ta fara sa kai, sauran suka bi ta, Abbo yana tsaye bai kora ba bai hana ba.

Na juyo in yi wa Kawu magana, sai na hango bayansa. Ko babur ɗin bai ɗauka ba, ya kama hanyar gari a ƙafa.