Irin da Hezekiah Bai Binne Ba

Hezekiah, kai ka sa na binne irina duka, naka kuwa yana nan cikin buhu a tsakar gidanka. Da idona na gani. Dattawan ikilisiyar Gagarawa, ku ji, don ba a ɓoye zan faɗa ba.

Ni ce Rhoda, matar marigayi Ephraim direban ofishin gona, wanda aka turo nan shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano. Bayan rasuwarsa maƙwabcinmu Malam Sa'idu ya ara mini gona a bayan gari. Bara na zaɓi zangarniyar gero mai kyau, na sussuke, na sami iri tiya huɗu. Abincina na shekara mai zuwa ke nan, ba ni da wani.

Bana ruwa ya yi jinkiri. A garinmu can kudu, war haka masara ta kai ƙugu. Muka yi azumin kwana uku a coci. Ranar ƙarshe Hezekiah, shi da ke jan sujada tun da fasto ya koma Gumel, ya miƙe ya ce duk wanda ya roƙi ruwa da gaske, gobe ya ɗauki sungumi ya shuka a busasshiyar ƙasa. Wanda ya rage ko ƙwaya ɗaya, zuciyarsa biyu ce, addu'arsa ba ta wuce kwanon rufi ba. Muka ce amin. Muryata ta fi ta kowa.

Washegari Sa'idu ya iske ni ina ta sara.

"Iya Rhoda, binne ake yi? Madalla. Nawa kika rage?"

"Ban rage ba."

"Haba Iya! Mu da aka haifa a kan rairayin nan ma rabi muke binnewa. In yayyafi ya yaudare shi ya tsiro, rana ta ƙone shi, da me za ki sake?"

"Kai ka ji da rabinka. Ni da Ubangijina muka yi magana."

Ya yi dariya. "Ai mu ma da Shi muke magana, Iya. Sai dai mukan ajiye rabi."

Hannuna ya ɗan yi rawa, amma na zuba har ƙwayar ƙarshe.

Bayan kwana biyar aka yi yayyafi, jiƙar ba ta kai tsawon yatsa ba. Gero ya leƙo layi-layi. Rawa na taka a tsakiyar gona, ni tsohuwa. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ko ɗigo babu. Ganyen ya nannaɗe kamar tsinke. Kullum da safe sai na tona gindinsa ina neman danshi, rairayi ya ƙona mini yatsu. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Sa'idu ya ce in aka wuce Alhamis, sai dai a sake shuka.

Jiya na je gidan Hezekiah don ya taya ni addu'a. Na tarar da matarsa Christabel tana gauraya gero da toka tana mayarwa a buhu.

"Na wa ne wannan?"

"Irin Baba ne mana. Ya ce sai ƙasa ta sha sosai."

Sai ga Hezekiah ya fito yana share baki. Da na faɗi halin da gonata ke ciki, ya karkata kai ya ce, "Mama Rhoda, ki binciki zuciyarki. Wataƙila da shakka kika shuka."

"Dattijo, ni na zuba, kai ka ɗaure bakin buhu, ni ce mai shakka?"

"Hikima ma baiwar Allah ce."

"To me ya hana ka raba mana hikimar ranar azumi?"

Ya shige ɗaki ya saki labule.

Ba a kan geron kaɗai Hezekiah ya cuce ni ba. Shekara hamsin ina durƙusawa in yi magana da Yesu kamar yadda nake yi da ku. Tun jiya in na durƙusa bakina ba ya buɗuwa, sai in ta tuna rawar hannun nan. Ita ce ta tsayar da ruwa? Ni ce na jawo wa gari? Ban iya karatu ba, balle in buɗe Littafi in duba. Abin da kuka faɗa mana daga gaba, shi muke riƙewa.

Saboda haka ranar Lahadi Hezekiah ya ɗauko buhun nan a kansa, ya dire shi gaban jama'a. In bangaskiya ita ce a binne duka, ya faɗi me nasa ke yi a ɗaure. In kuwa mai ajiye rabi ma Allah na jin addu'arsa, ya faɗa da bakin da ya ce ba Ya ji, ya kuma auno mini tiya huɗu. Ku da kuka ɗora shi a gabanmu, ku tsayar da shi ya amsa mini.