Ciyawar Bahati

Rigar zuwa coci ce ta fara tona maganar. Shekara goma Eliaichi tana sa ta, bakinta a idon sawu yake tsayawa, sai ga shi bana yana sharar ƙasa. Ta ce laifin tela ne. Mijinta Aminiel ya tuna mata cewa telan ya mutu da daɗewa.

Bayan wata biyu ta sunkuya za ta ɗauki damin ciyawa, bayanta ya riƙe, ta kwana uku ba ta miƙe ba. 'Yarsu Aikande ta zo daga Arusha ta kai ta asibiti a Moshi. Likitar ta ɗaga hoton ƙashin, ta yi bayani a hankali.

"Mama, kin san itacen da gara ta ci? Daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk ramuka. Haka ƙashinki ya zama. Ɗaya daga cikin ƙasusuwan bayanki ya riga ya lotse, shi ya sa kika rage tsawo. Akwai magani, sau ɗaya a mako. Ki sha madara, ki ci ƙananan kifi da ƙayarsu, ki riƙa tafiya a ƙasa. Amma kaya a kai, an gama."

A nan Marangu saniya ba ta fita kiwo. Tana ɗakinta a bayan gida, cikin ayaba, matar gida ce ke yanko mata ciyawa daga gangare ta hauro da ita a kai. Saniyar Eliaichi, Bahati, jikar jikar karsanar nan ce da mahaifiyarta ta ba ta ranar da ta haifi Aikande. Tun daga lokacin ɗakin bai taɓa zama babu saniya ba.

"A sayar da ita," in ji Aikande a mota. "Na san wani a Himo, ranar Asabar zai zo ya gani."

Eliaichi ta riƙa kallon babban dutsen da ke saman garinsu ta taga har suka isa gida.

Ranar Talata ta sha ƙwayar farko da kofin ruwa cike, ta zauna a miƙe rabin awa kamar yadda aka ce, Aminiel yana duba mata agogo. Tsohon shugaban makaranta ne, yana son abin da ake yi da lokaci. Ranar Laraba kuwa, da ya dawo daga gonar kofi, ya tarar da Bahati tana tuƙa ɗanyar ciyawa, matarsa kuma tana zaune tana ɓare ayaba, bayanta a jingine da bango, goshinta duk gumi.

"Maman Aikande, wa ya kawo ciyawar nan?"

"Maƙwabta."

Ya miƙa hannu ya cire wani siririn ganye daga ɗankwalinta, ya nuna mata. "Maƙwabtan a kanki suka ɗoro ta?"

"Rabin dami ne kawai, Malam. Ko za ka rubuta sunana a allo ne?"

"Likita ta ce..."

"Likita ta san kukan saniya mai jin yunwa? Kai ma ba ka sani ba. Kai dai ka san shayi ya yi fari. Idan aka fitar da ita daga ɗakin nan, me zan tashi in yi da safe? In zauna kuna duba mini agogo?"

Aminiel ya saba da yi wa mutane bayani har su gane, amma ya ga wannan ba rashin ganewa ba ne.

Shingen kowane gida a wajenmu na isale ne, wani tsiro mai dogon ganye. Wanda ya yi wa wani laifi, ko yake da roƙon da bakinsa ba zai iya ɗauka ba, sai ya tsinki ganyensa ɗaya ya ƙulla, ya kai. Ba a mayar da mai isale hannu rabbana. Tsofaffi ba su yarda da hakan ba, mu ma ba mu gwada ba. Washegari da safe Eliaichi ta fito da lauje a ɓoye cikin zani, ta tarar da mijinta tsaye a bakin ƙofa, ya sa tsohon wandonsa, ganye a hannu.

Ta kalli ganyen, ta kalle shi. "Me ka yi? Ko wata ce a Moshi?"

"Wa za ta ɗauke ni da wannan sanƙon? Shekara arba'in da biyu ina shan madarar nan, ban taɓa tambayar nauyin damin ba. Laifina ke nan. Roƙona kuma, ki ba ni laujen."

"Namiji da ciyawa a kai? Masu shan giyar mbege za su yi maka waƙa."

"Rabinsu ni na koya musu karatu. Sun san hannuna."

Ta karɓi ganyen da hannu biyu, ta zaro laujen ta miƙa masa.

Damin farko abin tausayi ne. Ya kwance sau biyu a hanya, mutanen da ke zaune a rumfar giyar ayaba suka tashi tsaye suna gaishe shi da "Sannu da aiki, Maman Aikande." Da ya zube shi gaban Bahati, ta shinshina ta kau da kai.

"Wannan ko akuya ba za ta ci ba," in ji Eliaichi. "Gobe tare za mu je. Ai an ce in riƙa tafiya."

Haka aka yi. Ya sassaƙa mata sanda, ya cika ramukan hanyar bayan gida da tsakuwa don kada ta zame. Tana tafe a gaba tana nuna masa da sandar: wannan yanka, wancan bar shi, ƙasa-ƙasa za ka kama, ba gashin ɗalibi kake askewa ba. Ya kuma ƙara wa kujerar tatsa tsawo, ta daina sunkuyawa.

Ranar Asabar Aikande ta iso da mutumin Himo. A kan hanya suka haɗu da su, mahaifinta da dami a kai yana haki, mahaifiyarta a gaba da sanda.

"Baba, wuyanka fa?"

"An duba nawa ƙashin, ƙalau yake. Ki ba baƙo haƙuri, ya sha shayi ya koma."

Aikande ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta hango ƙullin ganyen a gefen ɗankwalin mahaifiyarta. Ta rufe bakin.

Da yamma Eliaichi ta tatsi Bahati. Kamar kullum ta cika kofin farko ta miƙa wa mijinta. Ya tura mata shi.

"Ni ba na son ɗanyar madara, ka sani."

"An tafasa wata, ga ta can. Ki shanye, ina duba agogo."

Ta ɗauko tafasasshiyar, ta yamutsa fuska ta sha rabi, ta ajiye. Ya ci gaba da kallon kofin. Ta ɗauka ta ƙarasa.

"Gobe da wuri za mu fita," ta ce, tana goge baki. "Ciyawar bakin rafi ta fi, amma hawan akwai wuya. Ka ci abinci sosai."