Filin da Baba Ya Shayar

Ta leƙa ƙofar ɗakin gwaji na jami'a, ta sake leƙawa, mai riƙe da makulli shiru. Ta zauna, ta miƙe, ta duba waya. Rana sai ɗagawa take yi, kayan awonta kuwa suna ciki a kulle.

Tun damina ta yi wa ɗan filinta rumfar leda, ta hana masa ko ɗigon ruwa. Ƙasa in ta bushe ƙamas, ƙananan halittun cikinta kwanciya suke yi. Ruwan farko na taɓa su sai su farka su far wa taki, ƙasar ta saki iskar nan mai ɗumama duniya gaba ɗaya. Yau za ta zuba ruwa a aune, ta kifa bokiti ta tare iskar, ta zuƙe da sirinji. Digirinta kaf a kan wannan numfashin yake. In ya wuce ta, sai baɗi.

Ga kuma Baba. Tunda likita ya raba shi da gona ya dawo hannunta, zama ya gagare shi, abinci ma sai da lallashi. Shi ya sa ta taho da shi, ta ajiye shi a inuwa kusa da filayen.

Da ƙyar makulli ya iso. Ta kwashi kaya da sassarfa, tun daga nesa ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinta. Ta ƙara sauri.

Baba ne ƙarƙashin rumfar, wando a naɗe, tiyo a hannu. Filin ya sha ya ƙoshi tun ɗazu, ruwa har ya kwanta.

"'Yar boko, mutanenku ba su da imani," ya ce yana haki. "A bar ƙasa da ƙishi haka? Da kin ji ajiyar zuciyar da ta yi da na sakar mata ruwa."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga dariya yake yi, haƙora duk a waje. Rabonta da ganin haka tun kafin asibiti.

Ta ajiye kayan a hankali. "Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa. Wannan bokitin fa, na mene ne?"

"Na baɗi ne," ta ce, ta je ta kashe famfon.