Faifan Da Ya Fi Ƙarfin Akwati

Mato dillali ba ya sayen ƙaramin abu, kowa ya san haka a karar shanu ta Rano. In takalmi ne sai ƙafarsa ta yi iyo a ciki. In rediyo ce sai wadda za ta hana maƙwabta sakat. Saboda haka da ya tashi sa kyamara a garkensa na Zinyau, inda yake ajiye shanun mutane kafin ranar kasuwa, tambaya ɗaya ya yi wa mai haɗawa.

Mai haɗawar Salahuddeen ne, mai shagon sola da kyamarori a bakin tasha, mutum mai fara'a da saurin baki. Ya ce, "Baba Mato, faifan da hoto ke taruwa a ciki kala-kala ne. Da tera ake auna girmansa: akwai tera ɗaya, akwai biyu, akwai huɗu."

"Huɗun shi ne ubansu?"

"Shi ne."

"To me kake jira?"

Aka kafa kyamara uku, aka ajiye wani baƙin akwati a ɗakin dusa, da 'yar talabijin a kansa. Akwatin yana da wata jar wuta mai ƙiftawa, Salahuddeen ya ce muddin tana ƙiftawa to ana ɗauka. Ya koya masa yadda ake komawa baya da rimot. Daga nan fa Mato ya samu aiki. Sai ya zauna a kan buhu yana kallon shanu a talabijin, alhali ga shanun nan a bayansa, da ya waiwaya ta taga zai gan su har da ƙudajensu.

Aka yi watanni a haka. Bayan kaka sai Hajiya Suwaiba ta Fammar ta aiko da bijiminta. Taubashiyar Mato ce, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ita ta turke bijimin nan da hannunta, harawa da dusa da ƙaiƙayi, har da kanwa, ya yi tozo kamar tulu. Ta ce a sayar mata ranar kasuwa.

Ranar Juma'a kowa ya tafi masallaci. Da aka sauko sai aka tarar da bijimi a wajen garke, kwance cikin ramin da aka haƙi ƙasar gini, ƙafar gaba ta karye gida biyu. Ba yadda za a yi, aka kira mahauta.

Hajiya ta iso a bayan babur, mayafi na tashi. Ba ta ko amsa sannu ba.

"Mato, ƙofa ka bari a buɗe."

"Wallahi a kulle take. Shanun Fulani ne suka wuce ta baya, ya ji ƙanshin mata ya haura katanga. Ga inda ya kankare nan."

"Wannan ƙaton ne zai haura katanga? Kai ma da tumbinka ba ka iya haura kwata."

"To zo ki gani da idonki. Ai ba don ado na sa kyamara ba."

Ya faɗa da ƙarfi don mutane su ji, mutane kuwa suka ji. Ɗakin dusa ya cika, wasu suna leƙe ta taga. Mato ya gyara hula, ya ɗauki rimot, ya danna Juma'ar nan. Baƙi ƙirin. Ya danna Alhamis. Baƙi. Ya yi ta komawa baya yana gumi, sai can hoto ya fito: ruwan sama ne ake tsugawa, gero ko kai bai fitar ba, wasu shanu da aka daɗe da cinye su a Legas suna tsaye suna tuƙa. Daga nan babu komai. Jar wutar kuwa tana ta ƙiftawa abinta, ko kunya babu.

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. Wannan karon ba wasa a muryarta.

"Ka goge."

Maganar nan ta riga Mato isa kara. Washegari Sarkin Kara, Alhaji Ramalan, ya kira shi rumfarsa. Dokar kara a fili take. In amana ta salwanta a hannun dillali ba da sakacinsa ba, rantsuwa ta ishe shi. Amma wanda aka ce ya ɓatar da shaida, ba a karɓar rantsuwarsa. Sarki ya miƙa hannu.

"Kawo igiyarka, Mato. In ka wanke kanka kafin ranar kasuwa, ka zo ka karɓa."

Dillali ba igiya ɗan kallo ne. Ba mai ba shi ko akuya ya riƙe. Mato ya kwance ta daga kafaɗa ya ajiye. Ya koma Zinyau ya tumɓuke akwatin da wayoyinsa, ya ɗaure a bayan babur, sai tasha.

Salahuddeen ya buɗe akwatin, ya jona da kwamfutarsa, ya yi ta danne-danne. Fara'ar nan ta fara ja da baya.

"Baba, ba gogewa aka yi ba. Ba a ma rubuta ba."

"Yi mini Hausa."

"Manhajar da ke cikin akwatin nan irin wadda ba ta jira ce, hoto na shigowa take rubuta shi nan take. To amma lissafinta a tera biyu ya ƙare. Faifan kuma huɗu ne. Kamar rijiya ce mai zurfi, igiyar guga gajera. Da ta cika rabi sai hannunta ya kasa kaiwa gaba. Ba ta kuma dawo farko ta rubuta a kan tsohon ba, don tana ganin da sauran wuri. Sai ta tsaya."

"Wutar fa?"

"Wutar... ita dai wuta ce."

"Wa ya sa faifan?"

"Ai kai ka ce babba."

"In na ce ka ɗora wa jaki kayan raƙumi sai ka ɗora? Ni na san tera? Tera ƙanwar uwata ce?"

Salahuddeen ya ce shi ba shi ya ƙera ba. Ya buga wa dilan da ya saro wa kayan a Kano, ya buɗe murya don Mato ya ji. Dila ya ce ai an rubuta a jikin kwali, a duba ƙasa wajen ƙananan rubutu. Kwalin kuwa tun ranar farko wata karsana ta cinye shi. Dila ya ƙara da cewa kamfanin da ya ƙera ya daina kula da wannan samfurin, su ma manhajar a wajen wasu suka saya, in ana so a sayi sabon akwati. Ya kashe waya.

Salahuddeen ya buɗe hannu. "Ka ji dai da kunnenka. Laifin daga can sama yake."

Mato ya ce, "Ɗan nan, a kara in na sayar da saniya mai harbi ban faɗa ba, ba a tafiya ruga neman uwar da ta haife ta. Wanda ya miƙa ta shi ake kamawa. Kai ka miƙo mini."

"To zan canja maka faifai, in haɗa maka kyauta."

"Faifanka zai yi magana gaban Sarkin Kara? Bakinka nake so. Ka zo ka ce kai ka sa abin da akwati ba ya ɗauka."

Nan Salahuddeen ya noƙe. Dalili kuwa, irin wannan haɗin ya yi wa masu kanti da gidajen mai da yawa a Rano da Kibiya. In ya faɗa a bainar jama'a, gobe shagonsa zai zama kotu.

Mato bai yi masa faɗa ba. Ya aro tabarma wajen mai shayi, ya shimfiɗa a ƙofar shagon, ya zauna. Duk wanda ya zo sai ya tare shi da gaisuwa har da tambayar iyali, sannan ya ce, "In kyamara ka zo saya, tambaye shi tera nawa akwatin yake iya haɗiyewa." Wanda ya zo sayen ƙwan fitila ma sai da aka gaya masa. Da la'asar Salahuddeen ya fito.

"Baba, don Allah tashi. Zan zo."

Ya zo ɗin, amma da dabara. A rumfar Sarki, ga dillalai, ga mahauta, ga Hajiya Suwaiba a gefe kan kujera, ya tashi ya yi ta zuba Turanci yana haɗawa da Hausa. Matsala ce ta fasaha. Abu ne da kan faru ko a Turai. Bai ce shi ba, bai ce faifai ba.

Hajiya ta ce, "Ranka ya daɗe, mai shago da mai saye ne fa. Me kake so ya ce? Sun ƙulla abinsu a tasha."

Sarki ya gyaɗa kai. "Nima abin bai shige ni ba. Salahuddeen, ba kai ka haɗa mini nawa a gida ba? Ga shi lafiya lau. Ko da safen nan na ga wutar tana ƙiftawa."

Mato ya juyo a hankali.

"Ranka ya daɗe, tera nawa aka sa maka?"

"Oho. Cewa na yi a sa mini irin naka. Dillali zai fi sarkinsa ne?"

Ba wanda ya ce a tashi, amma rumfa ta watse, kowa ya nufi gidan Sarki, masu babur da masu ƙafa. Akwatin yana zaure, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado. Nasa kyamara takwas ne, don haka ya riga na Mato ƙoshi. Sarki da kansa ya riƙe rimot. Jiya, baƙi. Makon jiya, baƙi. Ya yi ta danna har yatsa ya gaji. Da hoto ya fito sai ga ragon layyarsa, da ransa da lafiyarsa, yana cin dusa a tsakar gida. Ragon da ko ƙashinsa ba a san inda yake ba yanzu.

Wani mahauci ya ce, "Allah ya jiƙan maza." Zaure ya ɗauki dariya. Sarki kaɗai ne bai yi ba.

"Salahuddeen, nima gogewa na yi?"

"A'a, ranka ya daɗe." Ya sunkuyar da kai. "Akwatin tera biyu yake ɗauka, na sa huɗu. Ban duba ba. Baba Mato bai goge komai ba. Laifina ne."

"Yanzu ka yi Hausa. Duk gidan da ka yi wa wannan aikin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙafarka, kafin su neme ka. Da nawa za ka fara."

Aka kawo buta Mato ya yi alwala, ya rantse cewa ƙofa a kulle take. Hajiya tana kallon ƙasa. Bijimi dai ya tafi, hoto ba zai dawo da shi ba, rantsuwa ma haka. Can ta ɗago.

"Na karɓa. Allah ya sa iyakar asarar ke nan." Ta gyara mayafi. "Amma wannan abin da kake kira katanga, ko kaza ta raina shi."

"Rannan kika ce bijimi ba zai iya haurawa ba."

"Rannan rannan ne. Akwai ƙaninsa a turke, watan gobe zai isa fitarwa. In na zo na tarar ba ka ƙara mata tsawo ba, Kibiya zan kai shi."

Sarki ya aika aka ɗauko igiyar daga rumfa, ya jefa wa Mato. Mato ya cafe, ya duba ƙullin ko an taɓa masa, ya saɓa a kafaɗa.

"Hajiya, ƙanin nasa haƙori nawa?"