Ranar da Aka Ja Odart Sama da Igiya

Mijina Odart magini ne, kuma tun da na aure shi kishiyata ɗaya ce, babbar majami'ar garinmu. Yana yaro ya fara aiki a tsohuwar, mai bango kamar na kurkuku da 'yan tagogin da ko kyanwa sai ta matse. Da aka rushe ta aka soma wannan, mai bakuna masu tsini irin bakan gizo, da ginshiƙai sirara da manyan tagogin gilashi, ya yi ta mita wai gilashi ba ya ɗaukar rufi. Amma shi ne ya fi kowa iya sassaƙa duwatsun bakunan, da tokarar da ke riƙe bangon ta waje.

A wurinmu, idan bakunan rufi suka taso daga kusurwoyi suka haɗu a tsakiya, dutse guda ne ke kulle su, muna ce masa makulli. Mafi tsufa cikin magina shi ke ɗora shi da hannunsa. Odart ya ga an yi wa na gaba da shi wannan girma, ɗaya bayan ɗaya, har layi ya zo kansa a kan rufin da ke bisa bagade, teburin ibada. To, sai gwiwoyinsa suka ce ba su san zancen ba.

Enguerran, sarkin maginan da aka ɗauko mana daga arewa, mutumin kirki ne, sai dai ba ya wasa da tsani.

"Baba Odart," in ji shi, "matakalar gidanka ma da addu'a kake hawa. Ka sa wa dutsen albarka a nan ƙasa, wani ya ɗora."

Odart ya juya ya fita. Ya dawo gida ya ture miyar kabejin da na zuba masa, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da ubansa ya rasu. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Washegari sai ga Garin kafinta, abokin faɗansa tun suna samari, ya shigo ya yagi burodina ba tare da ya tambaya ba.

"Kai tsohon banza, wa ya ce sai ka taka tsani? Shi dutsen da ƙafa zai hau?"

Can cikin rufi akwai keken katako da Garin ya haɗa, ƙarti na shiga cikinsa suna takawa, igiya na naɗewa tana jan duwatsu sama.

"A kekenka?" in ji Odart. "Gara in hau akuya."

"Akuyar ma ba za ta yarda ba. Ka zauna a kan dutsen, mu ja ku tare."

Na ce, "Garin, ka ci burodina kuma ka mai da ni gwauruwa?"

"Haba Hersent, wannan ƙashin nawa ne nauyinsa? Guduma ta fi shi."

Na juya in ga Odart ya taya ni, sai na tarar ya jawo kwanon miya.

Enguerran ya yi ta sosa ƙeya, ya duba igiyar da kansa taku bayan taku, sannan ya yarda. Ranar da aka sa, da hantsi, rabin gari ya cika majami'ar. Aka ɗaure Odart a kan makullin kamar buhun alkama, gudumarsa a ɗamara. Igiya ta yi ƙara, ƙafafunsa suka bar ƙasa, ni kuwa na runtse ido gam. Ina jin keken yana kuka, ina jin Garin daga sama yana ihu, "A hankali, 'yan nema, ƙwai kuke ɗauke da shi, ruɓaɓɓe ma!" Mutane na dariya, ni ina kiran sunan Maryamu.

Keken ya tsaya. Sai na ji guduma, ƙwas, ƙwas, bugun da zan gane ko cikin dubu. Jama'a suka ɓarke da sowa.

Ban buɗe ido ba sai da na ji hannu mai kaushi a kafaɗata. Ga shi tsaye, garin dutse ya yi masa furfura kan furfura.

"Daga can na hango ki," in ji shi. "Duk garin nan ke kaɗai ce ba ki kalla ba."

"To, da ka faɗo fa?"

"Ɗaga kai, mace."

Na ɗaga. Bakunan sun haɗu cif, dutsen na zaune a tsakiyarsu, hasken tagogi ja da shuɗi yana kwance a jikinsa. Nisa ya sa ya zama ɗan mitsitsi. Na daɗe ina kallo har wuyana ya ƙage, daɗi ya cika ni.

Odart ya zare gudumar daga ɗamara ya miƙo mini.

"Riƙe, ki sama mata wuri a gida. Na gama."

Da aka kaɗa ƙararrawar aiki da safe, ya buɗe ido ya saurara har ta yi shiru, sannan ya tambaye ni ko akwai sauran cuku.