Kotun da ke Hawa na Uku

Shekara ashirin da biyu ina buga wa mutane takardun ƙara da injin buga rubutu a gindin bishiyar da ke ƙofar kotu, a garinmu Siyalkot. Ban je makarantar lauyoyi ba, a kan teburin nan na koya. Laifin da zan faɗa nawa ne.

Shagufta ta zo min a kan sanduna biyu, shan-inna ya taɓa ƙafafunta tun tana yarinya. Shekara tara tana duba ɗinkin ƙwallo a wata masana'anta. Da aka mai da sashensu bene, manaja ya ce ta zauna gida.

"Kawu, aikina nake so a maido min," ta ce. "Ba sadaka ba."

Na san kotun ma'aikata ce ke da hurumin maganar. Amma tana hawa na uku, matakala arba'in da huɗu. Kotun gunduma kuwa a ƙasa take. Na dubi sandunanta, na buga sunan kotun da ke ƙasa. Ban tambaye ta ba.

Mako goma sha ɗaya ana ɗage zama, sannan alƙali ya ce ba huruminsa ba ne. Wa'adin kai kukanta kwana casa'in ne, saura huɗu. In suka wuce, aikin ya tafi ke nan.

Wani mai suna Allah Ditta, mai tebur kusa da nawa, ya kurɓi shayi ya ce, "Babban malami, injin ne ya yi tuntuɓe ko mai shi?"

Ban kula shi ba. Na gaya wa Shagufta dalilina.

"Wa ya ce ba zan iya hawa ba?"

"'Yata, na ga..."

"Manaja ma gani ya yi, Kawu."

Manajan nan ya yanke mata hukunci don ya huta, ni na yanke don a ce ina da tausayi. Ita dai ba wanda ya tambaye ta.

Na sake buga takardar da sunan kotun ma'aikata. A gindin matakala ta miƙo min sandunan, ta cusa takardar a jaka, ta zauna, ta shiga hawa da baya a kan hannuwanta. Na bi ta a hankali. Wasu matasa suka ce za su ɗauke ta, ta ce su matsa.

Ƙarfe ɗaya saura magatakarda ya buga hatimi, ya ba ta ranar zama. Ta karɓi sandunanta ba ta dube ni ba.