Kafin Wancan da Bayan Wancan

Sati uku ke nan Nimatu tana fama da littattafai uku a kan teburin cin abinci, har sai an ture su gefe kafin a ajiye kwanon tuwo. Tun da ta cire 'yarta Afrah daga makaranta ta ce za ta koyar da ita a gida, lissafi bai ba ta wahala ba, karatu ma haka. Tarihi ne ya tsaya mata a wuya. Yarinya 'yar shekara shida, amma uwar ta ɗauki abin da zafi kamar ƙasar zama za ta zaɓa mata.

Littafi na farko ya fara da mutanen kogo, ya bi ta Masar ya sauka a Rum. Na biyu na ƙasar da suke zaune ne, sarakunan Ingila da matansu da gobarar da ta taɓa cinye Landan. Na uku wata ƙawarta ce a unguwar Catford ta ba ta aro. Ya fara da Makka da Madina, kuma shi ya fi kwanta mata a rai, sai dai daga Bagadaza ya yi tsalle ya dira Andalus, ko leƙo ƙasar Hausa bai yi ba. Ta bi shafukan ƙarshe na dukkansu da yatsa tana neman Gombe ko Kano, ba ta samu ba. Da ta dami mijinta Habib da maganar, sai ya ce ta rufe ido ta ɗauki ɗaya, ai shi ma bai tuna abin da aka koya masa a aji biyu ba, ga shi yana rayuwarsa lafiya.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne darasin gwaji da ke gaban littafi na biyu, inda aka ce yaro ya tambayi wani babba a gida sunayen danginsa. Babba kuwa akwai shi a gidan. Hajiya Amamata, mahaifiyar Habib, ta zo daga Gombe aikin ido, wata biyu ke nan tana zaune a ɗan falonsu na unguwar Woolwich a Landan kusa da hitar ɗumama ɗaki, kuma ranar Lahadi za ta koma. Ita da Afrah sun shaƙu ƙwarai, ɗaya na Hausa ɗaya na amsawa da Turanci, suna fahimtar juna sarai.

Afrah ta je da takardarta ta ce Kaka ta faɗa mata sunayen 'ya'yanta. Hajiya ta ƙirga a yatsu, akwai Almu, akwai Zarah, akwai Abdul-Jalil, sai kuma wancan. Yarinya ta tambayi wane ne wancan. Tsohuwa ta yi dariya ta kau da kai. Ta sake tambaya, aka ce mata ta cika baki.

Ranar Afrah ta sami uwarta a kicin ido ya kawo ruwa, ta ce Kaka ba ta son Daddy. Ba ta kiran sunansa, kuma in ya durƙusa yana gaishe ta bango take kallo. Nimatu ta yi mata bayani iya bayani, cewa Daddy ɗan fari ne, kuma a wajensu Kaka uwa tana jin kunyar ɗan farinta, ba ta faɗar sunansa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Afrah ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in kana son mutum ai kiran sunansa kake yi. Nimatu kuwa ita kanta sau ɗari take kiran Afrah a yini, ga ta kuma 'yar fari.

Tun daga nan yarinya ta daina zama a gefen tsohuwa. Dabinon da Hajiya take ajiye mata a gefen darduma yana kwana a wurin. Wannan ya fi komai cin ran Nimatu. Tsoronta shi ne Lahadi ta zo su rabu a haka, kuma tsufa ba ya ba da tabbacin wata haɗuwa.

Ranar Alhamis da hantsi ta ce bari ta gwada darasi na gaba, ko ba komai za ta san wane littafin za ta mayar. Darasin layin shekaru ne. Ta manna doguwar takarda a bangon falo, ta ja layi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta nuna wa Afrah yadda Turawa suke ƙirga shekaru daga haihuwar Annabi Isa, Musulmi kuma daga Hijira. Afrah ta tambayi dalili. Nimatu ta ce haka mutane suke yi, sukan zaɓi abin da ya fi girma a wurinsu su kafa shi a tsakiya, sauran abubuwa duka a ce kafinsa ko bayansa.

Littafin ya ce a cika layin da abubuwan da suka faru a gida. Nimatu ta juya ga surukarta, wadda ke tsintar wake a faranti da sabon idonta.

"Hajiya, wace shekara aka haƙa rijiyar gidan nan na Gombe?"

"Shekara biyu kafin wancan," in ji Hajiya, ba ta ko ɗago ba.

Nimatu ta ce lamba take nema, dubu ɗaya da ɗari tara da kaza. Hajiya ta ce ita ba ta riƙe irin wannan ba. Da aka tambaye ta annobar da ta kashe musu shanu, ta ce da cikin wancan aka yi ta. Injin niƙa an sayo shi wancan yana rarrafe. Wutar lantarki ta shigo unguwa shekarar da aka sa shi makaranta. Makka ta je da shekara goma sha tara bayansa. Nimatu ta ɗauki waya tana ta ragewa da tarawa daga shekarar haihuwar mijinta, tana ɗan jin haushi, don a ganinta tsohuwa ce ke ɓata mata darasi da rashin lamba. Ita da ta yi digiri biyu, abin yana gabanta ba ta gan shi ba.

Afrah ce ta gani. Ta ajiye fensir ta matso kusa da farantin wake, karo na farko cikin kwana biyar. Ta harhaɗa 'yar Hausarta da ƙyar.

"Kaka, ke daga Daddy kike fara ƙirga?"

Hannun Hajiya ya tsaya a cikin wake. Ta gyara mayafinta, ta dubi bango kamar yadda ta saba.

"To daga ina zan fara?" ta ce a hankali.

Nimatu ta ajiye wayar. Kunya ta kama ta, da wani daɗi da ya sa ta shiga kicin ta kunna famfo ba tare da tana da abin wankewa ba. Daga can tana jin su, yarinya na tambaya, tsohuwa na amsawa, har da labarin saniyar da ta tsira daga annobar, wadda da nononta aka yaye wancan. Da ta fito ta tarar Afrah ta ja jan layi mai kauri a tsakiyar takardar, tana tauna dabino. Ta tambayi uwar yadda ake rubuta kalmar, ta rubuta ta da manyan baƙaƙe a saman layin: WANCAN.

Bayan la'asar Nimatu ta zuba littattafai biyu a jaka don mayarwa. Na ukun ta ɗora shi a kan kantar littattafai, ta ce in ƙawarta ta yarda zai jira zuwa baɗi. Bana daga Gombe za a fara, kuma ta riga ta roƙi Hajiya ta riƙa aiko musu da labari ta waya duk Juma'a.

Habib ya dawo daga aiki da sauran rana. Ya tsaya a gaban takardar da jakarsa a kafaɗa, ya karanta daga rijiya har zuwa rasuwar mahaifinsa, shekara talatin da ɗaya bayan jan layin. Mutum mai shekara arba'in da bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, ya daɗe a tsaye a wurin. Sannan ya cire takalmi ya je ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango, shi kuma bai tashi ba, ya jawo farantin ya taya ta tsintar waken.